Taku Bakwai

Kowace safiya, kafin in buɗe shagon ɗinki,
nakan auna da ƙafata
daga katangar gidanmu zuwa bakin kwari.
Shekarar da aka haifi Asabe, taku talatin ne.
Bara, goma sha ɗaya.
Yau bakwai, ga shi gabas ta haɗa hadari.

Ni ne magatakardan layinmu a Bolari,
ba don na fi kowa boko ba,
don dai birona ba ya ɓata
kuma ina da littafi mai shuɗin bango.
Bappayo mai faci, dubu biyu.
Mama Rifkatu mai ƙosai, ɗari biyar, saura sai ciniki ya buɗe.
Gidado direba, alkawari.

Jungudo ya kawo buhunan siminti arba'in, babu simintin.
Muka ɗura yashi, muka jera su ranar Asabar,
har da masu ciwon baya.
Ruwan farko ya zo da dare,
ya kwashe su bai bar ko ɗaya na shaida ba,
ya ƙara da turken akuyar Manu Tari.

Sau tara muna zuwa sakatariya.
Na farko ciyaman yana taro.
Na biyu ya tafi ta'aziyya.
A na biyar masinja ya riga ya san mu,
har yana tambayata jikin Asabe.
Takardarku tana kan tebur, in ji shi.
Bai faɗi wane tebur ba.
Ya ce a ƙara haƙuri.

Kansilanmu ɗan layin nan ne.
Ni na ɗinka masa babbar rigar rantsuwa,
har yau da sauran kuɗina a wuyanta.
Ya zo, ya tsaya nesa da baki saboda takalmi,
ya leƙa, ya girgiza kai:
wannan ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, aikin jiha ne.
A jiha suka ce sai an ji daga sama.
Shi kuwa ramin bai tambayi na wane ne ba,
ci kawai yake, babu bismilla, babu sauri.

Mai rasit ne kaɗai bai taɓa ɓatan hanya ba.
Kuɗin shago, kuɗin tsafta,
ya tsallake kwata, ya karɓa, ya tsallake ya koma.

Kada in ci amanar gaskiya, mu ma da namu.
Wa ke zuba shara a magudana bayan isha'i?
Wa ya sayar wa masu tifa yashin gindin gada?
Ni kaina na taɓa jefa ƙyallayen shago,
na ce ai ruwa zai tafi da su.
Ya tafi da su, ya dawo neman ƙari.

Ana saura wata biyu zaɓe aka kafa allon kwangila,
fari tas, da sunan aiki da na ɗan kwangila.
Yara suka koyi karatu a jikinsa.
Yanzu yana can ƙasa, ƙafafu a sama,
tare da bishiyar maina da ɗakin Inna Dudu.
Ita ta koma wajen 'yarta a Tumfure,
ta bar mini ajiyar makulli.
Na rataye shi a ƙusa kusa da almakashi,
makullin ƙofar da ba ta da ɗaki,
ba ta da gari.

Ɗazu Asabe ta ce ita za ta auna.
Na riƙe mata hannu, tana ƙirgawa da ƙarfi
da 'yan ƙafafunta masu lalle.
Ta samu goma sha biyar.
Ta ruga cikin gida tana ihu:
Umma, ramin ya ja baya!

Ban gyara mata ba.
Na shiga shago, na ture ɗinkin mutane gefe,
na yago takarda daga tsakiyar littafin,
na fara ta goma:
Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa,
mu ne dai mutanen bakin kwari.