Ɗakin da Ba Ya Mayar da Magana

Ni mai katifa ne a Garwa,
shekara ashirin da uku ina yanka soso saboda bayan mutane.
Ran nan Injiniya Dijatu ta tsaya a rumfata,
ta ce ita ba baya za ta kwantar ba,
sauti take so ya kwanta, kada ya ƙara tashi.

Na yi dariya. Ta ajiye kafin alƙalami.

Tsini ɗari tara da sittin muka yanka,
kowanne kamu biyu, kamar haƙoran kada,
ni da yarona Yawuba
da wuƙar da muka wasa har ta rame.
Muka kafa su a bango, a rufi, har ƙasa,
aka ɗaura ragar waya a tsakiya,
in ka taka sai ka yi lilo kamar tarwaɗa a koma.
Ɗaki ne cikin ɗaki, zaune kan tsofaffin tayoyi,
don kada gurnanin motocin auduga
masu haye gadar Binuwai
ya biyo ƙasa ya shigo mana ba sallama.

Ran gwaji ta hura balan-balan, ta soka masa tsinke.
A waje da sai kaji sun watse.
A nan tif kawai ya ce,
ya mutu inda aka haife shi.
Ta ja makirfo bisa igiya, taki ɗaya, biyu, huɗu,
duk ninkin nisa allura ta sauka da shida,
tana rubutu tana gyaɗa kai.

Dare na uku allura ta yi gardama.
Wani siririn layi ya miƙe a fuskar na'ura, ya ƙi kwanciya.
Ta zargi waya, ta zargi janareto,
ta zargi gam ɗina, abin ya yi mini ciwo.
Sai da muka kwance tsini saba'in
Yawuba ya kamo mai laifi:
gyare ne, bai fi ƙwayar gyaɗa ba,
ya samu wurin da ya fi ko'ina shiru a ƙasar nan
ya ce a nan zai nemi aure.
A kwalin ashana muka raka shi waje.

Da aka gama na roƙi minti goma, ni kaɗai.
Ƙofa ta rufe kamar an danna mini auduga a kunne.
Na ji zuciyata, taɓarya a wani ƙauye mai nisa.
Na ji jini yana wucewa ta bayan kunnena,
na ji wuyana yana ƙara kamar tsohon ƙyaure.
Ashe duk wannan hayaniya nake ɗauke da ita
ina cewa kasuwa ce.

Muna yara, ni da Hammajam,
mukan kora awaki gindin Tingilin.
In na ƙwala masa kira, dutse ya cinye farkon sunan
ya maido mini ƙarshen: jam, jam,
wato lafiya, da bakin mutanen uwarsa.
Damina biyu ke nan da kogi ya tafi da shi.

Na cika ƙirji na kira: Hammajam!

Ko jam.
Soson da na yanka da hannuna ya haɗiye shi duka.
Aiki ya yi kyau.

Na fito, Injiniya ta ce, yaya?
Na ce ba inda yake yoyo.
Gobe za su fara auna na'urar kunne
ta yaran makarantar kurame,
ni kuma ina da katifu uku na jira.

Masana waƙa, kada ku nemi amsa-amo a nan.
A ɗakin can na koyo ta,
inda ƙarshen layi yake fita
ba wanda ya amsa masa.