Silifas ɗin Kemal

Nermin Teyze ta riga agogo tashi.
Kafin ladan ya rufe baki
butar shayi biyu, ƙarama bisa babba, na huci.

Ɗayyaba ya fi ƙarfin harshenta.
Tayyibe take ce mini,
har na fara amsawa kamar da shi aka raɗa mini.

A Trabzon ruwan sama ba ya sallama.
In dawo daga aji jiƙe sharkaf,
in tarar da silifas ɗin ɗanta a bakin ƙofa,
Kemal, da Jamus ta riƙe shekara tara.
Sun yi mini yawa.
Ina jan su ƙarar-ƙarar a kan katako,
tana kasa kunne daga madafa.
Ba ta taɓa cewa in sayi wasu ba.

Ranar da na kaɗa mata miyar kuka,
ta leƙa tukunya, ta dube ni,
ta yi bismilla irin ta mai shiga kogi.
Ta cinye. Ta bi da ruwa kofi uku.

Da dare Inna ta kira.
Na miƙa mata wayar.
Ba mai jin yaren wata,
amma sai da shayina ya huce
suna ta dariya.