Ɗori a Cikin Tantani

Na tsinko saiwar albasar Baba Nomau,
fara, siririya kamar furfura,
na ɗiga mata jan ruwa, na danne da gilashi,
na kafa ido a madubi.
Ga ɗakuna jere kamar fangalin lambu,
wani na barci, wani ya ja zare tsakiya,
wani ya riga ya zama biyu.

A Aliero aka haife ni.
Tun ina goye nake shaƙar albasa,
ban san tana rabon gida a ɓoye ba.

Da azahar malama ta kunna na'ura,
ta ce: ku bar albasa, ga na jikinku.
Wani abu ya juyo a allo,
curarre kamar igiyar guga da aka yar a bakin rijiya.
Kinas sunansa.
Kafaɗa biyu gare shi: ta sama ƙarama, shimfiɗe kamar saƙar tabarma,
ta ƙasa babba, duk murɗe.
Tsakaninsu wani lungu
inda yake ɓoye guzurin ƙarfinsa.

Amma shi kaɗai gurgu ne.
Wata jijiya ta gitta masa a bakin ƙofa,
wani ƙashi ya kauce daga mazauninsa.
Yana nan, da rai, da kayan aiki,
ba ya tsinana komai.

Sai ga abokinsa, saikilin,
ya matso ta gefe, ya dafa kafaɗar,
ya murɗa.
Ƙashi ya faɗa gurbi, jijiya ta ja da baya.
Wani ya zo ya ɗana ƙwayar fosfet guda,
kamar ƙullin ƙarshe a kan karan ɗori.

Na yi dariya ni kaɗai a aji.
Ai na san hannun nan.
Hannun kakana Arzika ne a zaure,
ranar da aka kawo ɗan acaɓa daga Jega
da gwiwa tana kallon gabas.
Bai ce uffan ba. Ya lallaba, ya saurara da yatsu,
ya murɗa sau ɗaya.
Yaron ya kurma ihu, ya dawo bayan wata biyu da zabi.

Sai dai saikilin baƙo ne.
In an tashi aiki a kira shi,
in an gama a farfasa shi, a share wurin.
Kinas ya koma zaman jira
har wani baƙon ya yi sallama.

Akwai kuma mai cewa tsaya.
Ba shi da siffa sai ya kama aiki:
ya nannaɗe su biyun kamar yaɗiya,
ya cusa yatsa a lungun guzuri,
rabo ya dakata.
Shi na fi daɗewa ina kallo.

Domin Inna Tumba na kwance a Birnin Kebbi,
gado na huɗu daga taga,
da ƙullutu a mama wanda bai san tsaya ba.
Kaka ya shafa, ya janye hannu.
Ya ce: wanga ba karaya ba ta,
ba ni da kara nai.
Ban taɓa ganin ya mai da mutum ba sai ranar.

An ce akwai maganin da aka sassaƙa daidai lungun,
ya shiga ya toshe.
Na tambayi kuɗinsa.
Na lissafa da buhunan albasa, na bari.

Da magariba na iske kaka yana fiƙe kara.
Ya ce: mi kika gano yau, ɗiyar boko?
Na ce: ɗori, Kaka,
wanda ake yi cikinmu dare da rana.
Ya ce: wa ka yin shi?
Na buɗe baki, na rufe.
Ya miƙo mini wuƙa, ya ce in taya shi.