Huhu Goma Sha Bakwai

Daga Sabon Zango na hau turoturo,
rasiɗin kakana Mumuni a aljihun gaba,
takarda ta rine kamar haƙoran mai cin goro:
huhu goma sha bakwai, zuwa Ikko, ta ruwa.
Na zo ganin inda aka buga mata hatimi.

Na sauka a gindin hasumiyar fitila,
ja da fari, kamar goro biyu a faranti.
Wani yaro, Ayikwe, ya ce sidi ashirin,
zai nuna mini komai.
Komai ɗin bai kai taku ɗari uku ba.

Nan ake awo, in ji shi.
Bango uku na gani, babu rufi.
Cediya ta fasa taga ta leƙo waje,
sai ka ce ita ce akawu.
Akuya na tuƙa a mazaunin sikeli.
Gishiri ya ci bulo, ya ci ƙarfe,
ya ci rabin sunan Bature a saman ƙofa,
ya bar wa ƙadangare sauran haruffa.

Gadar da ta taka cikin teku
ta karye a gwiwa, ta durƙusa,
har yau ba wanda ya ce mata tashi.
Nan ne Mumuni ya tsaya, ina ji,
wando a naɗe, carbi a wuya,
yana ƙirga huhunansa a kan 'yan kwale-kwale,
yana tsoron ruwan da bai san sunansa ba.

Sai ganuwa.
Ƙofar ta ƙi ni sai da na rusuna.
Ayikwe ya kashe fitilar waya, ya ce: tsaya, ji.
Na ji teku na numfashi bayan dutse,
na ji warin jemage da tsohon danshi.
Ya ce: daga arewa ake koro su.
Da ya kunna fitila
tsagen kumatuna ya fara haskawa,
sannan ya kau da kai.

A gidanmu ana kirarin fatake:
hanyar Salaga, jakai, kanwa, tabarmi,
madugu uban tafiya.
Ba a taɓa gaya mini
wa ke tafe a bayan jakan ba.
Na dafa bango, ya jiƙa mini tafi.
Ban sani ba,
jinina ne a ɗaure a nan
ko jinina ne ke riƙe da bakin igiya.
Wataƙila duka biyun suka haife ni.

Waje, rana ta mare ni.
Na Dede na banda kifi
a murhun da ta gina da duwatsun da suka zube.
Ba ta tambayi abin da ya ja mini ido ba,
hayaƙi ai na kowa ne.
Ta miƙo dokunu da barkono baƙi,
ta ce da Hausar kasuwa: ci, malam, bai da kuɗi.
Can yara biyu na dambe da safa guda,
ɗaya dama, ɗaya hagu.
Wanki na shanye a bakin igwa.

La'asar ta same ni a ɗakin awo.
Na yi alwala da ruwan leda,
akuya ta matsa mini.
Na yi wa Mumuni addu'a,
na tsaya,
na ƙara da waɗanda ba su da rasiɗi.

Hatimi dai ban ga wurinsa ba.
Takardar ma ta sha iskar gishiri,
ta rabu biyu a kan lanƙwasa:
goro a hannun dama, ruwa a hagu.
Ayikwe ya ce ɗakin duhu daban ne, sidi goma.
Na biya.

Shekara arba'in da ɗaya ina kwana a Ankara,
sai yau na ankara.