Malejin Baba

Malejin Baba ya tsaya ran wata Laraba
a gangaren Gada Biyu, ana yayyafi.
Allura ta kwanta kan sifili kamar mai fushi,
lambobi biyar suka daskare:
takwas, bakwai, huɗu, ɗaya, biyu.
Motar kam ba ta tsaya ba.
Fijo ce, kunnen ƙashi gare ta.

Sai bayan sadakar arba'in na shiga Dilimi.
Okwudili ya tono wani daga ƙarƙashin tarin fitilu,
ya hura, ya goge gilashin da gefen riga.
Na wata ce da ta ƙare a Hawan Kibo
tun ba ta san duniya ba,
dubu ashirin da ɗaya da 'yan kai.
Ya ce, wannan jariri ne, oga, ka yi sa'a.

A Farin Gada, gindin mangwaro,
Davou mai wayarin ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari,
ƙafa ɗaya a waje, sukurori a baki.
Ya zaro tsohon a hankali,
igiyarsa na reto a baya kamar cibiya.
Ya jera su biyun kan bonet, ya dube ni.
Ya ce, bar shi yadda ya zo.
Duk dillalin da ya leƙa taga zai ƙara maka kuɗi.
Shekara sha tara ina wannan aiki,
kowa baya yake cewa in mayar.

Na ce, gaba.

Ya tofar da sukurorin a tafi, ya yi dariya.
Na nuna masa gefen akwatin takardu,
zane uku da Baba ya karta da ƙusa,
ɗaya duk ran da lambobin suka cika
suka juyo sifili.
Na farko ina goye. Na biyu ni na riƙe tocila.
Mutumin da ya ƙirga abin da inji ya mance,
ni zan rina wa motarsa gemu?

Cikin lambobin nan akwai buhunan dankali daga Bokkos,
akwai Pankshin da dawowa, kowace Juma'a, shekara shida,
akwai daren da aka haifi Lantana a kujerar baya
kafin mu kai ƙofar asibiti.
Wanne zan goge?

Davou ya cire fil.
'Yan ƙafafun suka saki jiki kamar 'ya'yan carbi.
Da tsinken sakace ya riƙa tura su,
ƙat, ƙat,
takwas,
bakwai,
huɗu ya ƙi zama daidai, ya ɗan leƙo sama,
ya lallaɓa shi.
Ya ce, shi ke nan?

Na ce, saura.
Na fito da bayan katin asibiti.
Kwana sha tara maleji na barci, mota na aiki:
Rikkos zuwa Lamingo, safe da yamma,
kai kunu, dawo da kwano, neman jini, neman magani.
Na auna hanyar da babur ɗin maƙwabci, na ninka.
Ɗari takwas da talatin da shida.
Sai guda bakwai a ƙasa, su kaɗai,
da muka bi bayan makara a giya ɗaya.

Bai yi dariya ba wannan karon.
Ya lissafa a ƙasa da bakin sufana,
ya goge da takalmi, ya sake.
Takwas, takwas, biyu, biyar, biyar.

Ya mayar da fil, ya ɗaure, ya ƙi karɓar kuɗin hannu.
Ya ce, kai dai sayi man birki.

Na hau titin Zariya da magariba, fitila ɗaya na kanne ido.
Allura ta miƙe, tana ɗan rawa a arba'in.
Daidai gidan mai,
biyar ɗin ƙarshe ya sunkuya,
shida ya fara ɗago kai.