Ciki Biyu

Da turi aka kawo ta, mutum huɗu a bayanta,
farar Tayota da shekaru suka mai da ruwan ƙasa.
Nomau ya ce, "Arzika, ciki ɗaya ya yi mata kaɗan.
Ƙara mata na biyu."

Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashinta,
tsatsa na zubo mini a ido kamar garin barkono.
Tankin asali ya lotsa a gefe,
wani dutsen hanyar Keita ya bar masa tabo.
Da sabulu aka toshe hudar,
aikin wani yaro a Tabalak, in ji shi,
shekara uku ke nan bai ɗiga ba.
Allah ya yi wa yaron albarka.

Ba a kai wa tanki wuta da gaggawa.
Wanda ya koya mini walda
da yatsu takwas aka kai shi makwanci,
biyun ya bar su a bakin wani tanki
da aka ce masa ai babu kome ciki.
Sau uku na wanke shi da omo,
na cika shi da ruwa har wuya,
na sunsuna, na kira Gado ya sunsuna,
sannan na kunna.

Na biyun a bayan tashar Tawa muka same shi,
jikin gawar wata babbar mota
da kaji ke saka ƙwai a kujerarta.
Lita tamanin, jika goma sha biyu,
bayan rantsuwa da tafiya da dawowa.
Na kwantar da shi a bodi, can gaba,
na ɗaure da ƙarfe biyu,
na sa yankin tsohuwar taya a tsakani
don kada ƙarfe ya ci ɗan'uwansa.
Na ja tiyo ta ƙasa, nesa da salansa,
na kafa ɗan famfo kusa da kujera:
dama tsoho, hagu sabo.

Sai da muka zauna shan shayi ya faɗa mini dalili.
Ƙanƙara ya ɗauko bara, buhu talatin,
za shi kasuwar Cintabaraden ana tsakiyar azumi.
Bayan Kawo mai ya ƙare, allura na nuna rabi.
Ya zauna a inuwar motarsa wuni guda
yana sauraren jarinsa na ɗiga cikin rairayi.
Awakin wani makiyayi suka zo suka sha.
Dariya yake yi yana ba ni labarin,
amma bai taɓa kofi na biyu ba.

Washegari muka koma kan bodi.
Na tada ƙarafa huɗu, na gitta uku a sama,
wurin tamfol da wurin tabarma.
Akwatin sifana a hagu, da kwaɗo,
mazaunin taya biyu, maratayar shebur,
ƙugiyoyi takwas na igiya.
Ya ce in ƙara ta tara a waje, inda iska ke bugawa,
nan salkar ruwa za ta rataya ta yi sanyi.

Da muka cika ta duka, sai ta durƙusa ta baya
kamar tsohuwar da aka ɗora wa dami.
Gado ya fashe da dariya, na harare shi.
Muka ɗaga ta da jak, muka ƙara sifirin biyu kowane gefe,
ta miƙe, ta yi tari, ta tashi.

Allurar kam na kasa ta, har yau rabi take nunawa.
Na yanko masa reshen aduwa, na fere,
na yi masa tsaga takwas da wuƙa, kowace lita goma.
Ya soke shi bayan kujera,
ya biya rabin kuɗina,
sauran sai ya dawo daga Tiliya.