Awon Ƙafa

Mudu na auna gero, sikeli na auna nama.
To me ke auna abin da ƙafa ke zuba wa feda?
Tambayar da ta hana ni barci ke nan a Bolari.

Na fafe sandar feda,
na manna mata waya siririya kamar gashin jariri,
mai jin ƙarfe in ya ranƙwafa
ko da ido bai gani ba.
Dalma ta ƙona min yatsu biyu.
Na rataya mata jarkar ruwa, lita ashirin,
na ce: ga nauyi, haddace shi.
Da azahar zafi ya sa ta ƙarya,
na koma kan lissafi.

Ran Talata Baffa Manu ya hau,
kwandon burodi a baya, hawan Tumfure a gaba,
hanyarsa ta shekara talatin.

Da ya dawo na duba allo.
Dama, sittin da takwas.
Hagu, talatin da biyu.

Na dube shi, ya dubi gwiwarsa.
"Tun bara," in ji shi,
yana share zufa da hula.
"Ashe magulmaciya kika ƙera.
Kada Goggo ta ji."